Gini a Kan Gangare da Tsaron Madatsar Ruwa: Me Ya Haɗa Fegin Mutum da Famfon Gari?

Duk lokacin da hukuma ta hana gini a wani wuri da ke saman madatsar ruwa, mai fegi yakan yi tambayar da ke da wuyar amsawa a tsaye: ga takardar ciniki a hannunsa, ga sa hannun mai unguwa da shaidu, kuma tsakanin filinsa da bakin ruwa akwai tafiya mai ɗan nisa, to ta yaya gidan da bai taɓa ruwa ba zai ɓata ruwan? Ruɗanin yana ƙaruwa idan ya ga an bar wani gida da ya fi nasa kusa da ruwa, shi kuma an dakatar da shi saboda filinsa yana kan gangare. Amsar tana cikin yadda ruwan sama ke tafiya a ƙasa, da yadda birane irin su Gusau da Talata Mafara ke faɗaɗa, da kuma yadda doka ta raba iko a kan ƙasa da ruwa tsakanin hukumomi.

Kalmomin da ake yawan ji

Madatsa, wadda jama'a suka fi kira dam, ginin da ke tare kogi ne, tafkin da ya taru a bayanta kuma shi ne ma'ajiyar da matatar ruwa ke ja daga ciki. Amma tafkin ba shi ke samar da ruwan ba. Yana karɓa ne daga dukan ƙasar da ruwan samanta ke gangarowa zuwa gare shi ta ƙoramu da kwaruruka da kwatoci, kuma wannan ƙasa ita ce masana ke kira yankin tara ruwa. Iyakar yankin tana bin ƙololuwar tudu, ba ta bin iyakar unguwa ko ta ƙaramar hukuma. Kogin Sakkwato, wanda madatsar Gusau da ta Bakolori ke kansa, ya taso ne daga wajen Funtuwa a Jihar Katsina, saboda haka abin da ake yi wa ƙasa a can yana da rabo a cikin ruwan da ke isowa Zamfara.

Tsinin gangare kuwa ana auna shi da kashi cikin ɗari. Idan aka ce gangare ya kai kashi 15, ana nufin a kowace tafiyar mita 100 ƙasa tana sauka da mita 15. A fegin da aka saba yankawa, mai ƙafa 50 da 100, hakan na nufin bayan fili ya ɗara gabansa tsawo da ƙafa 15, wato fiye da tsayin bangon ɗaki. A ƙasashe da dama masu tsara birane suna fara taƙaita gini daga kashi 15, kuma suna tsananta sharuɗɗa ko su hana baki ɗaya idan aka kai kashi 25.

Sai kuma hurumi, wato tazarar da ake bari babu gini a kewayen tafki da bakin ƙoramun da ke zuba cikinsa. Tsarin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayanin hurumin rijiya da na kogi, kuma akwai hadisin da ya hana yin bayan gida a mashayar jama'a.

Yadda gida a tudu ke isa cikin tafki

Ƙasar da ke da ciyawa da bishiyoyi tana shanye wani kaso na ruwan sama, saiwoyi kuma suna riƙe ta, abin da ya rage sai ya sauka a hankali. Gini yana sauya wannan tsari ta hanyoyi da dama a lokaci guda. Ana sare itatuwa, ana yanke tudu a cike kwari domin a daidaita wurin harsashi, ana buɗe hanyar da tifa za ta bi, sannan a rufe abin da ya rage da kwano da daɓen siminti waɗanda ba sa shan ruwa ko kaɗan. Lissafin yana da sauƙi: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufin gida mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa na milimita 30 a dare guda, zai zubo da lita 3,000, kwatankwacin jarka 120 masu cin lita 25. Idan gidaje 500 ne a jikin tudun, ruwan ya kai lita miliyan ɗaya da rabi, ban da na tsakar gida da na hanya, kuma duk zai sauka cikin ɗan lokaci.

A nan ne gangare ke shigowa. Idan tsinin wuri ya ninka sau huɗu, saurin ruwan da ke gudu a kansa yakan ninka kusan sau biyu, idan sauri kuma ya ninka sau biyu, ƙarfin da ruwan ke da shi na yagar ƙasa yakan ninka sau huɗu. Wannan ne dalilin da ya sa gida a shimfiɗaɗɗen wuri kusa da ruwa zai iya zama mai ƙarancin illa fiye da gidan da ke can nesa a jikin tudu, matuƙar akwai kwarin da ya haɗa tudun da tafki. Lokacin da ya fi haɗari shi ne tsakanin share fili da kammala gini, kuma a garuruwanmu wannan lokaci yakan ɗauki shekaru, saboda mutum yana gini ne gwargwadon abin da ya samu. Filin da aka yanke aka bari a buɗe yana iya cin damina biyar ko fiye yana zubar da ƙasa kafin a ɗora masa rufi.

Ƙasar da ruwa ya kwaso ba ta ɓacewa. Da zarar ruwan ya shiga tafki gudunsa ya mutu, sai yashi ya kwanta a bakin shiga, laka kuma ta bazu zuwa ciki. Kowace shekara zurfin tafkin yana raguwa ba tare da an gani daga sama ba, kuma ƙiyasin da masana suka fi ambato shi ne madatsun duniya suna asarar kashi rabi zuwa kashi 1 cikin ɗari na ma'ajiyarsu duk shekara saboda wannan cikowa. Illar tana bayyana a wurare biyu. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da kogi ya tsaya kuma zafi ke ƙafar da ruwa, tafkin da ya cike yakan ƙare da wuri. A watan Agusta da Satumba kuma ba shi da wurin da zai riƙe ambaliya, sai nauyin ya koma kan ƙofofin madatsa da garuruwan da ke ƙasa.

Bayan laka akwai ƙazanta. Unguwar da aka yanka ba bisa tsari ba takan dogara da masai na rami da kwatar da ke zuba a hanya, shara kuma ta tafi cikin kwari ta jira ruwan farko. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suka saba bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da wurin ɗibar ruwa, sai dai wannan ƙa'ida ta ginu ne a kan zaton akwai ƙasa mai kauri da za ta tace ƙazantar. A jikin dutse, inda ƙasa ba ta da zurfi, ruwan masai yakan bi tsagar dutse ko ya ɓullo a ƙasan gangare bai tatu ba. Ga kuma baƙin mai daga garejin kanikawa, da takin zamani da maganin feshi daga gonakin bakin ruwa.

Wani zai ce ai don haka aka gina matata. Gaskiya ne matata tana zuba alif domin laka ta kwanta, ta tace da yashi, sannan ta sa sinadarin kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Amma gwargwadon gurɓacewar ruwa gwargwadon yawan alif da za a saya da yawan tsayawar da za a yi domin wanke matatai, kuma ɓurɓushin laka yana ɓoye ƙwayoyin cuta ta yadda kulorin ba ya isa gare su yadda ya kamata. Hukumar ruwan da dama take fama da kuɗin dizal da na magani, idan ruwan tafki ya koma ja, zaɓinta biyu ne: ta rage sa'o'in turo ruwa ko ta turo wanda bai gama tatuwa ba.

Dalilin da ya sa batun ya shafi Zamfara

Zamfara ba ƙasar manyan tsaunuka ba ce, kuma mafi yawan filayenta suna da sauƙin gangara. Wuraren da ake magana a kansu su ne gindin duwatsu irin na Kwatarkwashi da na wajen Tsafe, da gaɓar kogi inda ƙasa ke karyewa, da bakin kwazazzabai da zaizaya ta haƙa. A Kebbi kuma ƙasar Zuru ce ta fi irin wannan yanayi. Abin da ya ƙara wa batun nauyi shi ne Gusau da kewayenta suna zaune a kan tsohon dutse mai tauri, inda rijiyar burtsatse ba ta ba da ruwa mai yawa a ko'ina, don haka gari ya dogara sosai da ruwan kogi.

Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996 aka mayar da Gusau babban birni, buƙatar fili take hawa. A shekarun baya-bayan nan rashin tsaro ya koro dubban iyalai daga ƙauyuka zuwa Gusau da Anka da Talata Mafara da sauran manyan garuruwa, kuma wanda ya baro gonarsa da rumbunsa ba shi da kuɗin fegi a unguwar da gwamnati ta tsara. Abin da ya fi sauƙi gare shi shi ne awon igiya, wato gonar da mai ita ko dillali ya yanka ya sayar ba tare da an bar magudana ba, kuma mafi arha a cikin irin waɗannan filaye su ne na gangare da na bakin kwari. Masu ɗibar yashi da masu fasa dutse da masu sare itacen girki suna bin bayan gini, kowannensu yana ƙara buɗe ƙasa.

Jihar ta riga ta ga abin da madatsa ke iya yi idan ta gaza. A ƙarshen Satumban 2006 madatsar Gusau ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, rahotannin lokacin suka ce kimanin mutum 40 sun rasu kuma gidaje kusan 500 sun rushe. An danganta abin da ƙofofin da suka ƙi buɗewa, ba da gine-gine ba, amma ya nuna yadda gari ke shiga halin ƙishirwa idan ma'ajiya guda ta tafi. Haka kuma gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, bayan an riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ta nuna cewa akwai gurɓatar da ba a gani da ido, wadda ruwan sama ke iya kwashewa zuwa kududdufai.

Abin da ya faru a wasu wurare

Birnin Freetown na ƙasar Saliyo yana shan ruwa ne daga madatsar Guma, wadda ke cikin dajin tsaunukan da ke bayan birnin. Shekara da shekaru gidaje suna hawa jikin tsaunukan ana sare daji, har ranar 14 ga Agusta 2017 wani ɓangaren tsauni ya zaftare a unguwar Regent bayan ruwa mai ƙarfi, mutum fiye da 1,000 suka mutu ko suka ɓace. Dajin yana da kariyar doka, amma hakan bai hana sayar da filaye a cikinsa ba, kuma har yanzu mahukuntan ruwa na birnin suna kokawa kan yadda gini ke matsowa kusa da madatsar.

Birnin New York na Amurka ya bi wata hanya. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwansa yana fitowa daga tafkunan yankin Catskill da Delaware, kuma maimakon ya gina matatar da aka ƙiyasta za ta ci biliyoyin daloli, sai ya ƙulla yarjejeniya da garuruwan yankin a 1997. Birnin yana sayen fili daga wanda ya yarda ya sayar, yana biyan kuɗin gyaran ramukan bayan gida na mazauna, yana kuma tallafa wa manoma su nisantar da dabbobi da taki daga bakin rafi. Arzikin New York ya fi ƙarfin kwatanci da na kowace jiha a Najeriya, sai dai ƙa'idar da tsarin ya tsaya a kanta ana iya duba ta: masu shan ruwan su ne suka ɗauki kuɗin kare shi, ba a ɗora wa mai fili shi kaɗai ba.

Me doka ta ce, kuma wa ke da iko?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Gwamna ke ba da takardar mallaka a cikin birni, ƙaramar hukuma kuma tana ba da izinin gargajiya a karkara. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke mallaka saboda maslahar jama'a, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya, amma diyyar tana kan abin da aka gina ko aka shuka ne, ba kan darajar filin a kasuwa ba. Wanda ya sayi fegi da tsada bai kai ga ɗora bulo ba shi ne ya fi kowa asara idan aka soke. Takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce cewa an yi ciniki, amma ba izinin gini ba ce.

A matakin tarayya akwai dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli ta 1992, da dokar albarkatun ruwa ta 1993 wadda ta ba tarayya iko a kan ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya, sannan hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wato NESREA, da aka kafa a 2007 ta fitar da ƙa'idoji a 2009 kan tsaunuka da yankunan tara ruwa da gaɓar koguna da tafkuna. To amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Sakamakon haka ruwan kogi yana ƙarƙashin tarayya, madatsar Bakolori tana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, tace ruwan sha na hukumar ruwa ta jiha ne, izinin gini na hukumar tsara birane ne, yankan gona kuma yana faruwa a gaban mai unguwa da dillali. Gidaje ɗari da aka gina ɗaya bayan ɗaya ba sa shiga cikin manyan ayyukan da ake tantancewa, ko da illarsu a haɗe ta fi ta rukunin gidaje guda.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Injiniyoyin ruwa da ma'aikatan lafiya sun fi karkata ga hani kai tsaye a kan gangare mai tsini da bakin ƙoramu. Hujjarsu ita ce yashe tafki yana da tsada ƙwarai, lakar da aka kwashe tana buƙatar wurin zubarwa, kuma idan ba a tsayar da zaizaya daga sama ba tafkin zai sake cikewa. Suna kuma nuni da cewa layi guda da kowa ya sani ya fi sauƙin tsarewa a kan sharuɗɗan da sai an aika ma'aikaci ya duba gida gida.

Masu filaye da magina suna ganin hanin baki ɗaya ya yi tsauri, tunda ana iya gini a gangare idan aka yi matakala da bangon riƙe ƙasa da magudana mai kyau da ramin bayan gida da aka shafe da siminti. Ta fuskar fasaha maganarsu tana da tushe. Rauninta shi ne waɗannan ayyuka suna iya cin kuɗin da ya kusa na ginin kansa, alhali mutumin da ya sayi fili a gangare ya saye shi ne don ba shi da kuɗin wani.

Mazauna da suka riga suka gina suna da nasu ƙorafin, wato hukuma tana kallo aka yanka, aka sayar, aka gina, wani lokaci har aka kawo turakun lantarki, sai bayan shekaru a zo da maganar rusau. Tarihin yankin ya sa ba a ɗaukar wannan ƙorafi da wasa. Lokacin da aka gina Bakolori, wadda aka kammala a 1978, an tashi dubban manoma, rikicin diyya ya yi tsanani, har a Afrilun 1980 'yan sanda suka murƙushe masu zanga-zanga aka rasa rayuka da dama. Duk tsarin da zai taɓa filayen mutane a bakin ruwa a Zamfara zai haɗu da wannan tunani.

Akwai kuma masu cewa gidaje ƙaramin ɓangare ne na matsalar idan aka gwada da noma har bakin kogi da kiwo da sare daji a faɗin yankin tara ruwa. Ta fuskar yawan ƙasa hakan na iya zama daidai a tafki mai faɗin yanki irin Bakolori. Bambancin shi ne gona ana iya sauya yadda ake nomanta a damina mai zuwa, unguwa kuwa idan ta kafu ta kafu, kuma masai ba ya tsayawa da rani.

Yadda abin zai shafi jama'a

Idan aka bar abubuwa yadda suke, wanda zai fara biya shi ne mai sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa, domin duk ranar da famfo ya ɗauke farashin jarka yakan tashi, kuma gidan da ba shi da tanki ko burtsatse shi ke saye a mafi tsada. Bayansa sai manoman rani da masunta da ke dogara da tafkin, sai kuma yara, waɗanda amai da gudawa ke fara kamawa. A 2021 Najeriya ta samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Zamfara tana cikin jihohin da cutar ta fi taɓawa.

Idan kuma aka tsaurara doka, farashin fegi a shimfiɗaɗɗen wuri zai tashi, na gangare ya faɗi, kuma iyalan da suka zuba abin da suka mallaka a can za su ɗauki asarar sai dai idan an ba su musayar fili. Tsarin da ya fi rage wannan asara shi ne wanda ya raba wurare gida uku: inda ba a riga an yanka ba a shata iyaka da turaku a dasa itatuwa tun kafin ciniki ya fara, inda aka yanka ba a gina ba a yi musaya, inda unguwa ta riga ta kafu kuma a fara da magudana da gyaran masai da kwashe shara, a bar tashin mutane ga gidajen da ke cikin kwari ko ƙarƙashin gangaren da ke iya zaftarewa. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, yana aiki ne a kan gyaran yankunan tara ruwa da zaizayar ƙasa, don haka akwai ƙofar neman kuɗin irin wannan aiki.

Ga mai shirin sayen fili, abin da ya fi amfani shi ne ya je ya ga wurin da damina bayan an ɗauke ruwa, ya bi sawun ruwan ya ga inda yake zuba, sannan ya kai lambar filin ofishin filaye da na tsara birane ya tambaya ko ana ba da izinin gini a wurin, kafin ya biya dillali ko kwabo.